Ranar da Kumbo Ta Sa Hannu a Kwanonmu

Nafisa, ɗiyata, na san in kin girma za ki ji wannan labari a bakin mutane, kuma za su ƙara mashi gishiri. Tun yanzu ma akwai masu cewa wai na miƙe tsaye a gaban matan wurin aikinmu na yi wa Gwaggo Ladi faɗa har ta yi kuka. Ba haka aka yi ba. Ni da ko akuya ta cika kallona sai gabana ya faɗi, ina ni ina yi wa ƙanwar babana faɗa? Abin da na faɗa ranar ɗan kaɗan ne, kuma a zaune nake, kina goye a bayana. Shi ya sa na sayi wannan kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, nake rubuta maki da hannuna. Aji uku kawai na yi a lakwal ɗin Maijirgi, in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, maganar dai ba ta karkace ba.

Kina da wata tara kika yi ciwon da ya kusa raba mu. A likita suka ɗaura maki wata ƴar igiyar awo a damtse, mai launi uku, kore da rawaya da ja, taki ta tsaya a kan ja. Allah ya tashe ki, kuma da za a sallame mu suka ba ni igiyar, suka koya mani yadda ake awo. Tun daga nan ban sake zama daidai ba. Igiyar kullum tana ƙulle a bakin zanena. Ina auna ki da safe, ina auna ki da yamma, har babanki ya ce in ban bari ba hannun zai sanƙare don tsoro. Kuma ba ke kaɗai ba. Duk jaririn da na gani a bayan uwarshi, a kasuwa ko a taksi, damtsenshi nake fara kallo kafin fuskarshi. Mutane suna dariya. Wannan hali nawa da ake wa dariya, shi ne ya yi aiki a shekarar da zan ba ki labari.

Da muka dawo Tasawa da zama, Gwaggo Ladi ce ta sama mani aiki a inda take, wani gida da ƙungiyar mata ke yin garin kunun yara. Gero da wake da gyaɗa muke tsincewa, mu wanke, mu shanya, mu soya a cikin wani babban ganga da ake juyawa da hannu bisa wuta, a niƙa, mu tankaɗe, mu zuba a leda mu liƙe. Tsakar gida ce guda ɗaya shimfiɗe, da rumfa a tsakiya, da ɗaki ɗaya na gari wanda ba a shiga sai da wankakken hannu, ba a kuma cin komai a ciki. Shugabarmu Madam Ramatu ce, Bazabarma daga yamma, mai ilimi, wadda ba ta gama magana sai ta ce “wala”, wato “shi ke nan” da Faransanci. Akwai Tamo, Buzuwa mai bakin tsiya, wadda ba ta fara aiki sai ta dafa shayinta. Da yake Buzaye da Zabarmawa abokan wasa ne, ita kaɗai ke iya kallon Madam ta ce, “Ke Bazabarma, in ba don zogale ba da tuni an manta da ku a ƙasar nan,” Madam ta yi dariya ta ce ta je ta nemo raƙumin da ya yar da ita. Sauranmu Hausawa ne, Gwaggo ce babbarmu. Sai gardin gidan, wani tsohon Bafulatani da muke kira Baffa Jauro, wanda shanunshi suka ƙare ya shigo gari. Tabarmarshi tana ƙarƙashin iccen bedi, daga cikin ƙofa, inda yake ganin tsakar gidan duka.

Muna da al'ada ɗaya da Gwaggo ta kafa tun kafin in zo. Kowace rana mace ɗaya ke kawo abincin rana, a juye a babban kwano, da azahar mu zauna ƙarƙashin rumfa mu sa hannu tare, har Madam. A wurin Gwaggo wannan kwano ya fi duk dokokin da ke manne a bango. A nan ake shirya waɗanda suka yi faɗa, a nan ake jin wadda mijinta ba shi da lafiya. Kuma gaskiya ina son kwanon nan, don a bakinshi na fara dariya bayan ciwonki.

Sai aka ɗauki Kumbo da farkon bazara. Bafulatana ce daga wata ruga a hanyar Baudeta, doguwa, siririya, ba za ta girme ni ba, da ɗanta Yero a baya, wanda kika girma da wata biyu. Aiki kam ba a magana, tsintar da za mu yi mu biyu ita kaɗai take gamawa. Ranar farko da azahar Gwaggo ta buɗe kwano ta kira ta.

“Ƴar Fulani, taho ki sa hannu.”

“Na ƙoshi, Inna.”

“Kin ƙoshi da mi? Tun safe ban ga kin sa ko ruwa a baki ba.”

“Na gode, Inna. Na ƙoshi.”

Muka ce baƙunta ce, za ta sake. Kwana uku, mako ɗaya, wata ɗaya, amsar ba ta sake ba. In ranar girkinta ta zo takan kawo dambu mai kyau da man shanu, ta ajiye mana, ta koma gefe ta juya baya tana ba Yero nono. Wannan ya fi komai ƙona wa Gwaggo rai. Ta ce ashe mu almajirai ne da za a ciyar, ita kuma ta fi ƙarfin haɗa hannu da mu. Wata ta ce ƙyamar Haɓe take. Wata ta ce ai duk haka suke, nononsu kawai suka ɗauka abinci. Daga nan magana ta fara yaɗuwa inda ba a aike ta ba. Rannan wata ta ce “mutanen daji” da ƙarfi, Tamo ta ajiye kofin shayinta ta ce, “Da wa kike? Ni ma a daji aka yanke cibiyata.” Kwana biyu Tamo ba ta ci da mu ba. Madam ta shiga tsakani, sai aka koma gefe ana cewa ita ma ai baƙuwa ce, mi ta sani game da mutanen nan. Rumfar da ake dariya ta koma kowa da ɓangarenta. Wasan Tamo da Madam ya mutu. Ni kuwa kowace safiya da ƙyar nake fitowa daga gida, don ba na iya zama inda ake fushi. Ba wadda ke son tankaɗe kusa da Kumbo, sai aka bar mata gangan suya, aikin da ya fi kowane zafi, a tsakiyar bazara. Zan faɗa maki gaskiya, ni ma ban kusance ta ba. Gwaggo ce ta kawo ni, a inuwarta nake.

Amma idona bai bar damtsen Yero ba. Yaron da ya zo da ƙiba, awarwaron fatar da ke hannunshi ya fara zamewa har gwiwar hannu. Wata rana uwar tana juya ganga, shi yana kwance kusa da ke a kan zane, na kwance igiyata na auna shi a ɓoye. Rawaya, kuma ya kusa ja. Daga ranar na koma kallon uwar kamar yadda nake kallonki in kina zazzaɓi, sai na fara ganin abubuwa. In za ta shigo da safe, tun daga waje take cire takalmi ta riƙe a hannu, ta wuce bedi kanta a ƙasa, sai ta kai rumfa ta mayar. Ita da Baffa Jauro yarensu ɗaya, amma ban taɓa jin sun yi hira ba, shi kuma in ta gifta sai ya kau da kai ya shiga murɗa rediyonshi. Sai ranar Juma'a. Tsohon ya tafi masallaci da wuri, mata sun watse wajen alwala, na ga Kumbo ta nufi randa. Moɗa uku ta sha a jere, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Ta ɗebi gyaɗar da aka ware ta zubarwa ta watsa a baki. Da ta ji motsin ƙofa ta goge bakinta ta koma wurin wuta. Na ce a raina, wannan ba mai ƙoshi ba ce.

Ban samu ƙarfin yin magana ba har abin ya faru. Ranar Litinin da rana tsaka Kumbo ta yanke jiki ta faɗi a gefen ganga. Allah ya tsare ba ta faɗa wuta ba, amma kafin mu gama yayyafa mata ruwa gyaɗar da ke ciki ta ƙone ƙurmus. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta ce wa Madam ko Kumbo ko su. Ta ce mace ba ta ci da mutane, ba ta magana da mutane, ga shi ta fara ɓarna. Madam ta dafe kai ta ce, “Bon, to, Alhamis da azahar za mu zauna, abin da kuka yanke shi ke nan.” Kowa ya san abin da za a yanke.

Washegari da aka tashi aiki na bi Kumbo har bayan gari, inda take jiran amalanken da ke rage mata hanya. Ban san ta inda zan fara ba, sai na kwance igiyar na ɗaura wa Yero a gabanta na nuna mata launin.

“Kumbo, nononki ya ragu, ko?”

Ta kau da kai. Na sake tambaya.

“Tsohon nan na bakin ƙofa, mi yake gare ki?”

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ƙyar na ji muryarta.

“Yayan baban mai gidana ne. Shi ya rene shi.”

“Shi ya sa ba ki ci?”

“A gabanshi? In buɗe baki in tauna, yana zaune? Gara ƙasa ta tsage.”

“To ai sai ki faɗa! Mu ma muna kunyar surukai.”

“In ce mi? In ce ina jin yunwa? In ce tsoho ya tashi don in ci tuwo? In Madam ta ji ta ce shi ne matsala ta sallame shi fa? Ba shi da saniya ko ɗaya. Don Allah, ƴar'uwa, kar ki faɗa wa matan nan. Su kore ni ya fi.”

Ta hau amalanke ta bar ni tsaye. Ki gane, Nafisa, mu ma muna da kunya, amma tamu ta gari tana da ƙofar baya. Da ni ce da na laɓe bayan randa na cika cikina. Ita a wurinta laɓewa a ci abinci wata kunyar ce, faɗin yunwa wata kunyar ce, kiran sunan tsohon ma ba ta iyawa. Ta fito tun asuba da ɗan guntun fura, ta wuni a bakin wuta, tana shayarwa, ba ci ba sha har magariba, mu kuma muna zaune muna cewa girman kai ne.

Ta ce kar in faɗa wa mata. Ba ta ce kar in faɗa wa tsohon ba, don bai taɓa zuwa ranta cewa akwai mai rashin kunyar da za ta iya ba. Ranar Laraba na zo da wuri kafin kowa. Sau biyu ina nufar bedi ina komawa. A na uku kika yi kuka, ya ɗago kai, ba damar gudu. Na durƙusa na gaishe shi, na sake gaishe shi, har gaisuwa ta ƙare.

“Baffa, uwar Yero ba ta cin abinci.”

Ya kashe rediyo.

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da ta fara aiki. Ko ruwa ba ta sha, sai Juma'a in ka tafi masallaci. Yaron yana ramewa.”

Ashe bai sani ba. Ta ina zai sani, mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dubi inda take ba? Shi a zatonshi tana cikin masu ci a rumfa, shi ya sa da azahar yake juya fuska ga bango. Can ya ce, “Yarinya, ɗiyar wa ce ke?” Na faɗa mashi. Ya ce, “Tashi ki tafi aikinki.” Na wuni ina tsinta ina zubar da mai kyau ina ajiye tsakuwa, ina cewa na ɓata komai, na tona mata asiri a banza.

Alhamis ta zo. Ranar girkin Tamo ce, ta kawo shinkafa da wake. Da azahar muka taru a rumfa, Kumbo tana can gefe da Yero a cinya. Gwaggo ta dafa murfin kwanon ta ce ba mai ci sai an gama magana. Madam ta buɗe baki ke nan sai muka ga Baffa Jauro ya miƙe. Ya naɗe tabarmarshi, ya ɗauki buta da rediyo da sanda. Ya tsaya nesa, ya ba mu gefe, ya ce, “Madam, na duba, ɓarawo daga waje yake zuwa. Daga yau da rana a waje zan zauna.” Ya fita ya ja ƙofar ƙarfen ta rufe. Madam ta ce, “To, wala,” ta juyo gare mu. Gwaggo ta gyara zama za ta fara.

A nan ne na yi maganar da ake ta ƙara wa gishiri. Na ce, “Gwaggo, don Allah a ci abinci tukuna.”

“Ke Sa'a, da wa kike?”

“A ci tukuna, Gwaggo. A sake kiran ta sau ɗaya.”

Duk suka juyo suna kallona, don wasu ma ba su san muryata ba. Gwaggo ta yi mani kallon da har yau in na tuna sai na ji sanyi. Tamo ce ta cece ni. Ta janye kwanon daga hannun Gwaggo ta buɗe ta ce, “Shinkafata ba za ta huce don taron Bazabarma ba. Kumbo, taho.”

Kumbo ta dubi gindin bedi. Ba kowa, sai shatin tabarma a ƙasa. Ta dubi ƙofa, a rufe. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ta taso a hankali, ta wanke hannu, ta zauna tsakanina da Tamo, ta ɗan karkata jiki gefe, ta yi bisimilla, ta sa hannu a kwanonmu. Loma ƙarama ta fara ɗauka. Ba wadda ta motsa. Tamo ta dubi Kumbo, ta dubi ƙofa, ta sake duban Kumbo, sai ta tafa hannu ta dafe ƙirji.

“Wayyo ni! Suruki ne! Wallahi suruki ne! Mu jakuna, wata uku!”

Kumbo ta rufe fuska da hannun hagu, amma na dama bai bar kwano ba. Tamo ta ce ita ya kamata ta fara ganewa, don mijinta shekara ashirin bai taɓa sauke amawalin rawanin da ke rufe bakinshi a gaban uwarta ba, ko shayi zai sha sai ya juya baya. Madam ta ce ita har yau ba ta taɓa kiran sunan uban mijinta ba, ko a takarda ta gan shi sai ta tsallake. Tamo ta ce, “Ashe Zabarmawa ma suna da kunya? Yau na ji sabon labari.” Dariyar da ta ɓarke a rumfar nan, Nafisa, rabon da a yi irinta tun kafin zafi. Wadda ta ce “mutanen daji” ita ta tashi ta ɗebo wa Kumbo ruwa. Ba a sake ta da maganar kora ba. Ba a ma yi taron ba.

Kar ki zaci kyauta na samu. Kumbo ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata da kyau, don na je gaban surukinta da maganar cikinta. Gwaggo kuwa ta ce na san gaskiya na bar ta ta yi ta zuba a gaban jama'a, na kunyata ta, ni da ta ɗauko daga ƙauye. Tana da gaskiyarta. Wata biyu ba ta yi mani magana ba, ko ke ba ta ɗauka, kuma wannan ya yi mani ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma aiki ya gyaru. Aka koma karɓa-karɓa a bakin ganga, ba mai wuce awa ɗaya. Madam ta sa aka yi wa Baffa ƴar rumfa a waje. Aka kuma ɗora wa Tamo wani aiki: duk sabuwar da aka ɗauka, ranar farko za ta ja ta gefe da kofin shayi ta tambaye ta mi ne ne ba a yi a gidansu, mi ne ne ba ta iya faɗa da bakinta. Da haka muka san abubuwa da yawa da da sai sun zama faɗa.

Ina auna Yero duk Litinin, yanzu a gaban uwarshi. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, ranar nan na ja igiya ta tsaya a kan kore. Na sake ja don ban yarda ba. Kore. Na yi guɗa, ni da ban taɓa guɗa ba ko a bikina, matan suka taso da gari a hannu suna rawa, Kumbo tana dariya tana ɓoye haƙora.

Gwaggo ba ta yi rawa ba. Da azahar ta buɗe kwano, ranar girkinta ce, tuwo da miyar kuɓewa. Kafin kowa ya sa hannu ta ɗauko wani ƙaramin kwano ta yanki tuwo mai yawa, ta zuba miya, ta tsamo tsokar da ta fi girma ta ɗora. Sai ta miƙo mani, karo na farko cikin wata biyu ta kira sunana.

“Sa'a, ke mai ido. Duk kallon naki ba ki lura tsohon nan ma bai taɓa cin komai a gidan nan ba? Ita tana kunyarshi, shi yana kunyarta. Tashi ki kai mashi.”

Na miƙe zan karɓa, sai ta janye kwanon.

“Bari. Zauna ki ci. Ni zan kai.”

Ta gyara ɗankwali, ta sa takalmi, ta nufi ƙofa da kwanon a hannu biyu. Kumbo ta matsa ta buɗe mani wuri kusa da ita, muka sa hannu.